Yadda za ka haɗa husufin rana da na wata da hannunka, ka kuma iya lissafa lokacinsa

Husufi ba komai ba ne illa inuwa. Idan wata ya shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta sauka a kanmu, an yi husufin rana. Idan kuma duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta rufe wata, an yi husufin wata, wanda a gida ake ce wa zazzaɓin wata, yara su fito da gwangwanaye suna bugawa wai don rana ta saki wata. Wannan bayanin kusan duk ɗan firamare ya haddace shi. Amma ka tambaye shi: tunda wata ba ya fashin zagaya duniya, me ya hana a riƙa yin husufi sau biyu a kowane wata? A nan ake yin cirko-cirko, har manya. Amsar ba ta zama a ka da karatu kawai, sai mutum ya riƙe abin a hannunsa ya ga inda inuwar take faɗawa.

Mu da muke ƙirga kwanan wata da tsayuwar jinjirin wata muna da wata riba da ba mu cika lura da ita ba. Rabin lissafin husufi yana cikin kalandar da ke rataye a ɗakinmu. Sauran rabin shi ne za mu haɗa yanzu.

Ka tanadi tocila mai haske sosai, lemun zaƙi ɗaya, lemun tsami ɗaya, ƙwayar carbi ɗaya mai faɗin kusan santimita 1, tsinkayen tsire, sanda miƙaƙƙiya, tef ɗin awo na tela, faifai, kwali biyu, allura, da kalanda mai kwanakin Musulunci.

Mataki na farko: fara da ciko da raguwar wata

Kada ka tsallake wannan, ko da kana ganin ka san shi. Shiga ɗaki da dare, ka kashe fitila, ka ɗora tocila a kan wani abu daidai tsayin fuskarka, ka ja baya kamar taku huɗu. Tocilar ita ce rana, kanka shi ne duniya, lemun zaƙin da ka soke a tsinke shi ne wata. Miƙa hannu, ka ɗaga lemon sama da kanka kaɗan.

Fuskanci tocilar. Gefen lemon da ke kallonka duk duhu ne, domin hasken yana bugun bayansa. Wannan shi ne ƙarshen wata, kwanakin da ake cewa wata ya ɓuya. Yanzu ka fara juyawa a hankali ta hagunka, hannunka a miƙe. Za ka ga wani siririn haske ya bayyana a gefen dama na lemon: jinjirin wata ke nan. Ci gaba har tocilar ta koma daidai kafaɗarka ta dama, ka ga rabin lemon ya haskaka, wata ya kwana bakwai. Idan ka ba tocilar baya gaba ɗaya, lemon ya cika da haske, daren sha huɗu ke nan. Daga nan sai raguwa har ka dawo inda ka fara. Wata na gaske yana yin wannan zagayen cikin kwana 29 da rabi, shi ya sa watanninmu ke zuwa da 29 ko 30.

Abin lura a nan shi ne inuwar kanka ba ta taɓa lemon ba ko sau ɗaya. Mutane da yawa suna zaton inuwar duniya ce take cinye wata har ya zama jinjiri. Ba haka ba ne. Kullum rabin wata yana cikin hasken rana, abin da ke canzawa shi ne yawan abin da muke hangowa daga cikin rabin nan.

Mataki na biyu: yi husufin guda biyu

Sake fuskantar tocilar, amma yanzu ka sauko da lemon har ya tare maka hasken, ka rufe ido ɗaya. Tocilar ta ɓace. Sa wani ya dubi fuskarka, zai ga inuwar lemon a wajen idonka, alhali sauran fuskar tana cikin haske. Wannan husufin rana ne. Juya ka ba tocilar baya, ka sauko da lemon cikin inuwar kanka, ka ga ya dushe. Wannan husufin wata ne.

Daga nan ka samu ƙa'idar da ba ta taɓa karyewa. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, wajen 28 ko 29 ga wata. Husufin wata ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, lokacin da ya cika. Duk saƙon da aka turo maka a waya cewa za a yi husufin rana ranar kaza, ka duba kalandarka. In ranar ta faɗo 10 ga wata ko 20 ga wata, ƙarya ce, ba sai ka tambayi kowa ba.

Mataki na uku: fita waje ka gwada da ma'aunin gaske

Gwajin ɗaki yana da aibi ɗaya: ya sa husufi ya zama abu mai sauƙin aukuwa, domin lemon yana kusa da kanka ƙwarai. Haka zanen littattafan makaranta yake yaudarar ɗalibai, a manna wata jikin duniya don takarda ta ɗauka. Gaskiyar tazarar ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Faɗin duniya kilomita 12,742 ne, na wata 3,474, wato ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na duniya. Tsakaninsu kuwa kimanin kilomita 384,400, wato sai ka jera duniya talatin kafin ka isa wata. Don haka idan lemun tsami mai faɗin santimita 4 shi ne duniya, ƙwayar carbi mai santimita 1 ita ce wata, kuma tsakaninsu santimita 120. Auna hakan a jikin sandarka. Soke lemun tsamin a tsinke ka ɗaure a wannan bakin, ka kafa ƙwayar carbin a wani tsinken ka ɗaure a wancan bakin, tsayinsu ɗaya. A wannan ma'aunin, rana za ta zama ƙwallo mai faɗin mita huɗu da ɗoriya, tana can nesa da kai kusan mita 470. Ba ka buƙatar haɗa ta, ta gaskiyar tana sama.

Fita da hantsi ko bayan La'asar. Kada ka kalli rana, idonka ya tsaya a ƙasa kan inuwar kayanka. Nuna bakin da ke da ƙwayar carbi wajen rana, ka yi ta gyara sandar har inuwar carbin da ta lemon su haɗu wuri guda a ƙasa. Yanzu dubi jikin lemon. Za ka ga wani ɗan ɗigon duhu a kansa, gefensa ya yi dishi-dishi. Ka lura da irin wahalar da ka sha kafin ka saita shi, da yadda ɗan rawar hannu yake gusar da shi. Ka kuma lura ɗigon bai rufe ko kusa da rabin lemon ba. Wannan ne dalilin da ya sa za a yi husufin rana a wata ƙasa, mu nan ko labari.

Juya sandar, lemon ya koma ɓangaren rana. Da ka saita, ƙwayar carbin za ta nutse cikin inuwa gaba ɗayanta, har da rarar wuri. Inuwar duniya a inda wata yake wucewa ta ninka faɗin wata fiye da sau biyu da rabi. Kuma duk wanda yake ɓangaren dare na duniya, muddin wata ya fito masa, zai ga abin a lokaci guda da kowa. Shi ya sa kusan kowane baligi ya sha ganin husufin wata, amma cikakken husufin rana sai mai rabo. A matsakaicin lissafi, gari guda yakan jira wajen shekara 375 kafin ya sake samunsa, duk da cewa ana yin sa a wani wuri a duniya kusan duk shekara ɗaya da rabi.

Mataki na huɗu: karkata hanyar wata

Nan ne amsar tambayarmu take, don haka a bi shi a sannu.

Hanyar da wata yake bi wajen zagaya duniya ba ta kwanta daidai da hanyar da duniya take bi wajen zagaya rana ba. Ta karkace da kimanin digiri 5. Adadin kamar ba komai ba, amma koma kan sandarka. A tazarar santimita 120, digiri 5 yana nufin ƙwayar carbin tana iya hawa sama har kimanin santimita 10, ko ta sauka ƙasa har kimanin santimita 10, daga layin da ya haɗa rana da lemon. Lemon kuwa duka-duka santimita 4 ne. Ɗaga carbin da faɗin tafin hannu ka gani: inuwarsa ta wuce ta saman lemon, ta faɗa ƙasa. Abin da ke faruwa ke nan a mafi yawan watanni. Wata yana zuwa tsakaninmu da rana, amma ya bi ta sama ko ta ƙasa, inuwarsa ta wuce cikin sarari ba ta taɓa kowa ba. Haka in ya cika, sai ya kauce wa inuwar duniya ta sama ko ta ƙasa.

To yaushe ne yake dacewa? Ɗauko faifanka. Ka ɗauka duniya tana tsakiyarsa, bakinsa kuma shi ne hanyar wata. Ajiye fitila a tsakiyar ɗaki, ka riƙe faifan daidai tsayinta, ka karkata shi yadda gefen da ke wajen ƙofa zai ɗaga sama, ɗaya gefen ya yi ƙasa. Ka ƙara karkatar ta fi digiri 5, don ka gani da kyau. Akwai wurare biyu a bakin faifan, suna kallon juna, da ba su hau ba kuma ba su sauka ba. Sa musu alama da alli. Su ne mahaɗai biyu, inda hanyar wata take ratsa shimfiɗar hanyar duniya.

Yanzu zagaya fitilar, amma kada ka juya faifan: gefen da ya ɗaga ya ci gaba da kallon ƙofa duk inda ka je. A yawancin zagayen, gefen faifan da ke fuskantar fitila ko dai yana sama da ita ko yana ƙasa. Sau biyu kacal, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, alamomin allin nan suke miƙewa su saita fitilar. Waɗannan su ne lokutan husufi guda biyu na shekara. Kowanne yana ɗaukar wajen kwana 34 zuwa 35, kuma tunda hakan ya fi tsawon wata guda, dole ɓuyan wata ya faɗo a ciki, dole kuma cikarsa ta faɗo. Shi ya sa husufi yake zuwa a tagwaye: in an yi na rana, sai ka ji an yi na wata sati biyu kafinsa ko bayansa. Shekara ba ta kasa husufi huɗu in an haɗa duka iri biyun, ba ta kuma wuce bakwai. Da yawansu ƙanana ne, ko kuma suna faɗawa kan teku da ƙasashen ƙanƙara.

Da faifan sama a tsaye yake cak, da lokutan nan biyu sun riƙa zuwa duk rabin shekara daidai. Amma mahaɗan suna ja da baya sannu a hankali, suna kammala zagaye cikin shekara 18.6. Saboda haka tazarar lokutan husufi kwana 173 ce, kuma a kalandar Bature suna zuwa da wuri da kusan kwana 19 kowace shekara. Riƙe wannan 173, za mu dawo kanta.

Mataki na biyar: rarrabe ire-irensa

Koma kan ɗigon da ka gani a jikin lemun tsami. Kowace inuwar da rana ta yi tana da kashi biyu: zuciyar inuwa, inda aka tare hasken ɗungurungum, da gezar inuwa, inda aka tare wani sashe kawai. Wanda zuciyar inuwar wata ta bi ta kansa shi ne yake ganin cikakken husufi. Wanda yake cikin geza yana ganin an gutsuri rana ne kawai.

Ranar 29 ga Maris 2006 ta nuna wannan a ƙasar Hausa ƙarara. Inuwar ta shigo ta gaɓar Ghana, ta ratsa Togo da Benin, ta shiga Najeriya, ta bi ta Gusau da Katsina, ta haura Maraɗi da Damagaram, ta wuce Chadi da Libiya da Masar har Turkiyya. Faɗin zuciyar inuwar wajen kilomita 180 ne. A Gusau gari ya yi duhu da hantsi na abin da bai kai minti huɗu ba. Kano kuwa tana wajen layin, don haka ba ta samu cikakken ba, duk da kusancin. Gajartar lokacin ba abin mamaki ba ce, inuwar tana gudun da ya wuce kilomita 1,700 a awa, kuma cikakken husufin rana ba ya taɓa wuce minti bakwai da rabi a wuri guda.

Akwai wani daidaito a nan da ni dai har yau yake ba ni mamaki. Rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, don haka a idonmu girmansu ɗaya. Sai dai hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba. Wani lokaci yana matsowa zuwa wajen kilomita 363,000, wani lokaci ya yi nisa zuwa 405,000. In husufi ya same shi yana nesa, ba ya iya rufe rana duka, sai a ga baƙin wata a tsakiya da zoben wuta kewaye da shi. Wannan shi ne husufin zobe. Gwada shi a sandarka: matsar da carbin nesa da lemon kaɗan, ka ga zuciyar ɗigon ta ɓace, saura dishi-dishin. Af, wata yana ƙara nisa da mu da kusan santimita 3.8 duk shekara, an auna hakan ne da madubin da 'yan sama jannatin Apollo suka bari a kansa tun 1969.

Na wata ma iri uku ne. In ya bi ta gezar inuwar duniya kawai, ɗan dushewa yake yi, yawancin mutane ba sa ma lura. In wani sashensa ya shiga zuciyar inuwa, sai a ga an gutsure shi. In ya shige duka, cikakke ke nan, kuma yana iya daɗewa: na daren 27 ga Yuli 2018, wanda aka gani a faɗin Afirka, ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, babu wanda zai fi shi tsawo a wannan ƙarnin. Ka lura da bakin inuwar yayin da take hawa kan wata, kullum a lanƙwashe yake. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce masanin Girka Aristotle ya kafa hujja da wannan cewa duniya dunƙulalliya ce.

Jan da wata yake yi kuwa, wanda ke tsorata mutane har a riƙa kiransa wata mai jini, sandarka ba za ta nuna shi ba, domin lemun tsami ba shi da iskar da ta lulluɓe shi. Iskar da ke kewaye da duniya tana tanƙwara hasken rana ya shiga cikin inuwar. A hanya tana watsar da shuɗin haske, ja ya tsira, kamar dai yadda rana take yin ja gab da Magariba. Wannan jan ne yake sauka a kan wata. In sama ta cika da ƙura ko toka, sai ya yi duhu sosai. Bayan aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, husufin Disamba 1992 ya yi duhun da da kyar ake gano wata a sama.

Mataki na shida: lissafa na gaba da kalandarka

Wata shida na Musulunci kwana 177 ne, kusa ƙwarai da 173 ɗin nan. Saboda haka in ka san watan da aka yi husufi, ƙirga wata shida gaba, mafi yawan lokuta za ka faɗa kan wani. Duba wannan jerin na wata: 14 ga Maris 2025, tsakiyar Ramadan 1446, 7 ga Satumba 2025, tsakiyar Rabi'ul Awwal 1447, 3 ga Maris 2026, tsakiyar Ramadan 1447, 28 ga Agusta 2026, tsakiyar Rabi'ul Awwal 1448. Na rana ma haka: 17 ga Fabrairu 2026, ƙarshen Sha'aban, 12 ga Agusta 2026, ƙarshen Safar, 6 ga Fabrairu 2027, ƙarshen Sha'aban, 2 ga Agusta 2027, ƙarshen Safar. Ƴan kwanaki huɗun nan da ke tsakanin 177 da 173 suna taruwa, sai bayan 'yan shekaru tsallen ya zama wata biyar maimakon shida, jerin ya koma wasu watannin. Wannan lissafin yana faɗa maka lokacin da za ka sa ido ne, ba ya faɗa maka ko garinku zai gani.

Akwai lissafi mafi tsawo da masu duban taurari na Babila suka gano tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda yau ake kira saros. Bayan wata 223, rana da wata da mahaɗa suna komawa kusan daidai inda suke, sai husufi ya maimaita kansa da kamanninsa. A kalandar Bature ana cewa shekara 18 da kwana 11 da awa 8, abin da ke da wuyar riƙewa. A tamu kuwa shekara 18 da wata 7 ne cif. Gwada da na Gusau. An yi shi a ƙarshen Safar 1427. Ƙara shekara 18, ka samu 1445. Ƙara wata 7 a kan Safar, ka samu Ramadan. A ƙarshen Ramadan 1445, wato 8 ga Afrilu 2024, an yi cikakken husufin rana da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Me ya kai shi can? Awa takwas ɗin nan. Kafin su cika duniya ta ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar ta sauka can yamma da mu. Sai an yi saros uku, shekara 54 da wata guda a lissafin Bature, kafin ya dawo kusa da yankin da ya fara.

Don sanin minti da daƙiƙa da garuruwan da layin zai bi, sai a koma ga jadawalin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, take wallafawa, ko manhajar Stellarium da ake sa wa a waya. Ka sa sunan garinku, ka kuma tabbatar agogon na ƙasarku ne, domin yawancin jadawalin da agogon GMT ake rubuta su, kuma Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya.

Mataki na bakwai: kallo ba tare da ka cuci idonka ba

Husufin wata ba shi da wata illa. Shimfiɗa tabarma ka kalla da ido, in kana da madubin hangen nesa ka sa. Inuwar tana fara cin wata ta gefensa na gabas, ta ɗauki kamar awa guda kafin ta rufe shi.

Na rana ne ake wasa da shi, kuma a nan ba na sassautawa. Tantanin da ke can bayan ido ba ya jin zafi, don haka mutum yana ƙona shi bai sani ba, sai bayan awoyi ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani tabon kuma ba ya warkewa. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, ko ka haɗa guda uku. Gilashin da aka turara da hayaƙi, da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da faifan CD, duk ba sa karewa. Kallon rana a cikin kwanon ruwa, wanda ya zama al'ada a gidaje da yawa, shi ma ba kariya ba ne, hasken da ruwan yake maidowa ya isa ya yi ɓarna. Abin da ya inganta shi ne tabaran husufi mai ɗauke da lambar ISO 12312-2, ko gilashin walda mai lamba 14. Ka duba lambar da idonka, domin yawancin wanda masu walda suke aiki da shi bai kai haka duhu ba. Ko da tabaran a fuskarka, kada ka leƙa rana ta madubin hangen nesa ko kyamara.

Hanya mafi arha ita ce kada ka kalli ranar sam, ka kalli hotonta. Huda kwali ɗaya da allura, huda ƙarama mai tsafta. Ba rana baya, ka ɗaga kwalin ta saman kafaɗarka, ka ajiye farin kwali a gabanka da tazarar mita ɗaya. Wani ɗan da'irar haske mai faɗin kusan santimita 1 zai bayyana. Hoton rana ne, kuma da husufi ya fara za ka ga an gutsure shi. In kana son babba, rufe madubi da takarda, ka bar rami kamar girman ƙwayar wake, ka haska shi a bangon ɗaki mai duhu daga nesa, amma ka hana yara haska shi a fuskar juna. Ibn al-Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin yadda ƙaramar huda take fitar da siffar rana lokacin husufi. Mafi sauƙi duka, tsaya ƙarƙashin darbejiya ka dubi ƙasa. Kowace 'yar kafa tsakanin ganye huda ce, za ka ga ɗaruruwan jinjirayen rana zube a ƙasa.

Wanda ya dace yana cikin zuciyar inuwa kaɗai ne zai iya cire tabarau, shi ma sai rana ta rufe ruf, a ga farin hasken da ke kewaye da ita, taurari masu haske su fito, kaji su nufi akurki. Da ɗigon haske na farko ya dawo, a mayar da tabarau. A husufin zobe da na gutsure babu lokacin cirewa ko na daƙiƙa ɗaya.

Ga Musulmi lokacin na salla ne da addu'a. An yi husufin rana a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A mazhabar Malikiyya sallar husufin rana raka'a biyu ce a jam'i, kowace raka'a da ruku'u biyu, ta wata kuma kowa yana yin tasa raka'a bibbiyu kamar nafila. Inda ake samun matsala shi ne bakin masallaci, jama'a su fito kowa ya ɗaga kai ya ga ko ta washe. Ya kamata liman ko ladan ya ja kunne tun kafin a watse, a kuma ajiye kwali mai huda a ƙofa, ya isa ya nuna ko ta washe ko da saura.

Ranaku uku ne ya kamata mutanen yankinmu su rubuta. Ranar 6 ga Fabrairu 2027 husufin zobe zai taɓa gaɓar teku daga Abijan zuwa Akara da Lome da Kwatano da Legas gab da faɗuwar rana, don haka sai an sami wurin da yamma take a buɗe, babu gini babu bishiya. Ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, inda zai haura minti shida a wajen Luksor, ya ratsa Jidda da Makka. Mu a nan gutsure za mu gani, in hadarin damina ya bari, amma wanda ya shirya Umararsa a ƙarshen Safar 1449 zai same shi cikakke. Sai 20 ga Maris 2034, lokacin da zuciyar inuwa za ta sake shigowa Najeriya ta Legas, ta wuce Kamaru da Chadi da Sudan. In za ka sayi tabarau, ka saya tun da watanni, kafin 'yan kasuwa su cika gari da na jabu. Kafin ka ba yaro, ɗaga shi wajen fitila mai haske a ɗaki: in ka hango kayan ɗakin ta cikinsa, ko ka ga ƙarzuwa ko huda, jefar da shi ka koma ga kwali da allura.